Babi na Bakwai: Waya da Kewar Abokin Zama Bayan An Watse Makoki

Idan uba ya rasu, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, kowa ya fara haɗa jakarsa, tambayar da ke tsaya wa 'ya'ya a rai ita ce: yanzu yaya za a yi da Inna? Babban ɗa yana aiki a Abuja, 'yar tana aure a Damagaram, autan yana neman na kansa a Legas ko Kumasi. Abin da ya rage a hannunsu shi ne waya. To, waya da intanet za su iya tallafa wa tsohuwar da ta rabu da mijin da suka shekara arba'in tare, ko kuwa dabara ce kawai da 'ya'ya ke kwantar wa kansu da hankali? Suna iya tallafawa, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ba sa fitowa fili sai an fara sanin irin ciwon da ake son ragewa.

Lokacin da gida ke yin shiru

A ƙasar Hausa ba a barin mai rashi shi kaɗai a kwanakin farko. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata suna cika tsakar gida, maƙwabta suna aiko da abinci. Duk wanda ya shigo zai ce, "Ya haƙuri?" a amsa masa da godiya, ya yi wa mamaci addu'a ya tashi. Wannan tsari yana da ƙarfi, kuma ƙasashe da yawa ba su da irinsa. Rauninsa ɗaya ne: yana da ranar ƙarewa. Bayan sadakar arba'in, ƙafa tana ɗaukewa, alhali a daidai wannan lokacin ne mutane da yawa ke fara jin nauyin abin da ya same su, domin hidimar baƙi da ke ɗauke musu hankali ta wuce.

Matar da mijinta ya rasu tana shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta tanada. Takaba tana ba ta wani matsayi da kowa ya sani: ana zuwa gaishe ta, ana sane da ranar fitarta. Sai dai tana taƙaita mata fita, kuma idan 'ya'yanta suna nesa, yinin yana yi mata tsawo. Malamai sun sha bayyana cewa takaba ba ta hana mace magana da danginta a waya, ba ta kuma hana ta zuwa asibiti idan lalura ta kama.

Dattijon da matarsa ta rasu shi ne aka fi mantawa da shi. Ba shi da takaba. Bayan kwana uku ana sa ran ya koma masallaci da majalisa kamar ba abin da ya faru, kuma maganar da ya fi ji ita ce, "Sai a nemo wa Alhaji wadda za ta kula da shi." Ba a cika tambayarsa ko yana barci ba. Alhali sau da yawa marigayiyar ce ta san lokacin shan maganinsa na hawan jini, ita ta san abincin da cikinsa ke karɓa, ita ce kuma igiyar da ta haɗa shi da 'ya'ya mata da jikoki.

Abin da rashi ke yi wa jiki

Maganar cewa baƙin ciki yana kisa ba zancen tsofaffi ba ne kawai. A 1969, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Colin Murray Parkes, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. A cikin wata shida na farko, yawan mace-macensu ya zarce na sa'o'insu masu aure da kusan kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne ya fi ɗaukar su. Bincike da dama da suka biyo baya a wasu ƙasashe sun nuna cewa haɗarin ya fi tsanani a watannin farko, daga baya ya riƙa sauka. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: barci ya lalace, cin abinci ya ragu, an daina shan magani a kan lokaci, jiki kuma yana cikin tashin hankali dare da rana.

Akwai wani abu da ya kamata iyalai su sani tun da wuri. Tsohuwa na iya cewa ta ji gyaran muryar mijinta a zaure, ko ta ji kamar yana zaune a gefen gado. A 1971 wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya tattauna da maza da mata kusan 300 da suka rasa abokan zamansu, ya tarar kusan rabinsu sun taɓa jin irin wannan, kuma da yawansu sun ce abin yana sanyaya musu rai. Wannan shi kaɗai ba alamar taɓin hankali ba ce. Gidan da bai san haka ba yana iya firgita, ya fara yawon neman magani, ita kuma ta koyi yin shiru da bakinta.

Baƙin cikin da ya ƙi sauka

Mafi yawan masu rashi suna farfaɗowa da kansu, da taimakon dangi da ibada da wucewar lokaci. Masana biyu daga Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa mai rashi yana kaiwa da komowa ne tsakanin abu biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin, ya yi kuka, ya tuna, wani lokaci ya juya ga hidimar rayuwa, ya yi cefane, ya yi dariya da jika. Kamar ɗan dako ne da kaya a ka: wanda ke sauke kayan ya huta ya sake ɗauka, shi ke kaiwa inda za shi. Saboda haka tsohuwar da ta yi dariya da safe ta yi kuka da la'asar, lafiyarta ƙalau.

Matsala tana faruwa ne idan mutum ya maƙale a gefe ɗaya. Kusan mutum ɗaya cikin goma na manyan da suka yi rashi, bisa ƙiyasin da aka tattaro daga bincike daban-daban, baƙin cikinsu ba ya sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan yanayi cikin kundinta na cututtuka, bugu na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022. Alamominsa su ne matsananciyar kewa ko tunanin mamaci da ba ya yankewa, ƙin yarda cewa ya tafi, zargin kai, da kasa komawa ga al'amuran yau da kullum, har abin ya wuce aƙalla wata shida. Kundin ya kuma gindaya cewa sai abin ya zarce yadda addini da al'adar mutumin suka saba, don kada a ɗauki zaman takaba ko wata al'ada a matsayin cuta.

A nan ne ake yawan yi wa masu rashi rashin adalci, ana cewa wanda ya daɗe yana kuka imaninsa ne ya yi rauni. Tarihin Musulunci kansa ya kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu Shekarar Baƙin Ciki, kuma an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci gaba da ambaton Khadija da aika wa ƙawayenta nama bayan rasuwarta. Yarda da ƙaddara ba ta goge kewa.

Wannan ciwo yana da magani. Farfesa Katherine Shear ta Jami'ar Columbia a Amurka ta tsara wata hanya ta zama 16 da ƙwararre, inda mai rashi ke ba da labarin ranar mutuwar sau da yawa har zafin ya fara lafawa, yana kuma tsara abin da zai yi da sauran rayuwarsa. A gwajin da aka wallafa a 2014 a kan masu manyan shekaru, waɗanda suka samu sauƙi ta wannan hanya sun ninka waɗanda aka yi wa maganin ciwon damuwa na tattaunawa da aka saba. Wani gwaji da ya biyo baya ya nuna cewa ƙwayar maganin damuwa tana rage damuwar da ke tare da rashin, amma ba ita ke kwance kewar ba.

Abin da aka gwada ta intanet

Tunanin kai irin wannan magani ta intanet ya fi shekara ashirin. A 2006, Birgit Wagner da Christine Knaevelsrud da Andreas Maercker suka wallafa gwajin da suka yi da masu jin Jamusanci. Mai rashi da mai ba shi shawara ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. A cikin mako biyar, mai rashin yana yin rubutu goma, biyu a kowane mako, ya tura, a karanta, a maido masa da amsa. Rubuce-rubucen farko a kan yadda mutuwar ta faru ne, dalla-dalla, har da wurin da ya fi gudun tunawa. A mataki na biyu sai a ce ya rubuta wasiƙa ga wani aboki da zai ƙaddara cewa shi ma irin wannan rashin ya same shi, yana kuma zargin kansa irin yadda shi yake yi. Hikimar a bayyane take. Mutumin da ke cewa, "Da na kai ta asibiti da wuri da ba ta mutu ba," ba zai taɓa faɗa wa abokinsa haka ba. Zai ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa, kwana ne ya ƙare. Da ya rubuta wa wani, sai ya ji maganar da kunnensa. Mataki na ƙarshe shi ne duban gaba da yin sallama. Waɗanda suka bi tsarin sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda aka bari a layin jira.

Yawancin mutanen wancan gwaji ba tsofaffi ba ne. Daga baya masana a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Jeannette Brodbeck, suka tsara wani shiri mai suna LIVIA musamman don masu manyan shekaru da suka rasa miji ko mata, ko aurensu ya mutu. Darasi goma ne da mutum ke bi a kwamfuta daga gidansa, ana aiko masa da saƙon ƙarfafa gwiwa kowane mako. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna raguwar baƙin ciki da damuwa da kaɗaici.

Darasin da ya fi maimaituwa a wannan fage shi ne na mutum a bayan na'ura. Shirye-shiryen da ake barin mai damuwa shi kaɗai da manhaja, da yawa suna farawa su watsar. Waɗanda akwai wani ɗan Adam da ke karantawa yana amsawa, ko da sau ɗaya a mako, sun fi riƙe mutane har ƙarshe. Kuma wannan mutum ba lallai ya zama likita ba. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata a Harare su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari masu damuwa, su taimaka musu su zaɓi matsala ɗaya su warware ta mataki-mataki. Gwajin da aka wallafa a 2016 a kan mutum fiye da 500 ya nuna cewa hanyar tana aiki. Da annobar korona ta hana taro, sai aka riƙa yin zaman ta waya da WhatsApp. Wannan misali ya fi kusa da yanayin ƙasar Hausa fiye da na Turai, domin Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne kawai, yawancinsu kuma a manyan birane.

Murya ta fi rubutu

Duk shirye-shiryen Turai da aka ambata an gina su ne a kan mutumin da ke karatu da rubutu a kwamfuta. Tsohuwar da ke Gumel ko Tasawa, wadda idonta ya yi rauni, wadda ƙila da ajami ta iya karatu ko ba ta yi boko ba, darasi goma a rubuce ba zai amfane ta ba. Ƙofarta ita ce murya. Saƙon murya na WhatsApp bai buƙatar komai sai danna alama guda a riƙe, kuma yana da wata fa'ida da kira ba shi da ita: ana iya sake sauraronsa. Ƙarfe biyun dare, lokacin da barci ya ƙi zuwa kuma ba wanda za a tasa, muryar 'yarta tana nan cikin wayar.

Abin da ake faɗa a cikin kiran ma yana da muhimmanci. Gaisuwar da aka saba, "Inna, ya jiki? Ya ƙarin haƙuri?" amsarta a shirye take: "Alhamdu lillahi." Kira ya ƙare cikin minti biyu, ba a ji komai ba. Tambayar da ke buɗe baki ita ce mai takamaiman abu: "Me kika ci da rana?" "Ƙarfe nawa kika yi barci jiya?" "Wa ya leƙo ki yau?" Kuma bai kamata a guji ambaton marigayin ba. 'Ya'ya da yawa suna kauce wa sunan don kada su tayar mata da ciwo, ita kuwa tana ganin kamar an riga an manta da shi. Idan jika ya ce, "Kaka, ba ni labarin yadda kuka yi da Baba lokacin da kuka je Hajji," ya ba ta abin da masu magani ke kashe makonni suna nema.

Kira mai tsayayyen lokaci ya fi kira mai yawa marar tsari. Idan ta san cewa kowace Juma'a bayan la'asar babban ɗanta zai kira, Litinin kuma 'yarta, mako ya samu ginshiƙai. Ga dattijo, wanda ba zai yarda ya ce yana kewa ba, hanya mafi sauƙi ita ce a nemi shawararsa: a kira a tambaye shi batun gona ko rikicin dangi. Yana amsawa ne a matsayin uba, amma a cikin hirar ake jin ko muryarsa ta canza.

Akwai kuma zauren WhatsApp na ƙungiya: 'yan ajin Islamiyya na matan aure, zumuntar mata a coci, tsofaffin abokan aiki da suka yi ritaya tare. Ƙaramin zaure na mutum goma da suka san juna, wanda ke da mai kula da shi, yana da amfani. Babban zaure mai ɗaruruwan mutane, inda ake kwana turo sanarwar mutuwa da hotunan haɗarin mota, guba ne ga mai sabon rashi, kuma fitar da tsohuwar daga ciki taimako ne.

Wasu iyalai suna gaggawar goge lambar marigayin da tsofaffin saƙonninsa na murya. Bai kamata a yi hakan ba tare da izinin matarsa ba. Ga wata, sauraron muryar lokaci-lokaci sanyi ne. Abin lura shi ne idan ta koma ba ta da aiki sai shi, har ya hana ta ci da barci.

Wa ke riƙe da wayar?

A gidaje da yawa babbar wayar ba ta tsohuwar ba ce, ko kuma tata ce amma jika ne ke buɗe mata, shi ke sa mata data, shi ke kai caji. Duk abin da ta faɗa yana wucewa ta hannunsa, sau da yawa da lasifika a buɗe a tsakar gida. Macen da ke son ta ce kishiya ko 'yan'uwan miji suna matsa mata a kan gado ba za ta faɗa a haka ba. Koya mata ta danna ta kira da kanta, da saya mata abin sawa a kunne, ƙaramin abu ne mai babban tasiri.

Haɗari na biyu 'yan damfara ne. Sanarwar rasuwa da aka baza a Facebook tana gaya wa ɓarawo sunan mamaci, garinsu, wani lokaci har wurin aikinsa. Sai a kira matar a ce daga banki ne ko daga ofishin fansho, za a saki haƙƙin marigayi, ta karanto lambar BVN ko lambobin da aka turo mata yanzu. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Dokar gida ɗaya ta wadatar: duk kiran da ya shafi kuɗi, a kashe, a kira ɗa ko 'ya. Haka nan masu tallar maganin "mantuwa" da na barci a kafafen sada zumunta. Ƙwayoyin barci suna jefa tsofaffi cikin jiri da faɗuwa da ruɗewa, ba a shan su sai da umarnin likita.

Game da manhajojin da ke hira kamar mutum, suna iya ba da bayani, amma ba sa ganin cewa tsohon ya rame, ba su san ko an ɗora tukunya a gidan ba. Duk mai ba da shawara ta intanet da ake biya, a tambayi cikakken sunansa, da inda ya yi karatu, da asibiti ko hukumar da yake ƙarƙashinta.

Inda waya ta tsaya

Akwai alamomin da idan an ji su, kira ya gama aikinsa, sai dai wani ya taka ya je. Idan tsoho ya kwana biyu ba ya cin abinci, ko ya daina shan maganin hawan jini ko na suga. Idan ya fara ruɗewa, bai san rana ko wurin da yake ba. Idan yana jin ciwon ƙirji ko numfashi na yi masa wuya. Haka kuma idan maganar "ni ma na kusa bin sa" ta wuce zancen tsufa ta koma cewa rayuwa ba ta da amfani ko neman hanyar mutuwa. A irin wannan hali ba a barinsa shi kaɗai, a tambaye shi kai tsaye abin da ke ransa, a kai shi asibiti a ranar. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi.

A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa suna da sashen wannan fanni. Sunan wurin yana tsorata mutane, don haka ana iya farawa da likitan da ya saba duba hawan jinin tsohuwar, a gaya masa gaskiyar abin da ake gani. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majiyyaci na sirri da mutunci.

Saboda haka tsarin da ya fi aiki shi ne mai ƙafa biyu: 'ya'ya a waya a kan tsayayyen lokaci, da mutum ɗaya amintacce a unguwa, maƙwabciya ko ƙanwa ko limami, wanda lambarsa ke hannun kowa kuma zai iya shiga ɗakin cikin minti goma. Wasu kiran da ke tayar wa mai takaba hankali kuwa ba na gaisuwa ba ne, na dukiya ne. Babi na gaba zai duba rabon gado da fansho da asusun bankin mamaci, da takardun da iyali ke buƙatar tanada kafin su tunkari kotu ko banki.